Kowa Ya Ɗebo da Zafi, Bakin Wa? Tsokaci a Kan Kwaroron Roba da Haƙƙin Na Gida

Wata rana da yamma ina tsaye a wani kemis da ke daura da tashar manyan motoci, a unguwar da Hausawa suka yi kaka-gida a nan Kudu, sai ga wani magidanci ya shigo. Zai yi shekara arba'in da 'yan kai, kamilin mutum a ido, da farar taguwa da hula ƙube. Ya yi sallama, ya dube ni, ya dubi wata mata da ke jiran canji, sa'an nan ya ce a ba shi Panadol. Aka ba shi, ya biya, amma bai tafi ba. Ya tambayi kuɗin man zafi. Ya tambayi ko akwai maganin tari na yara. Sai da matar nan ta fita, ni kuma na mai da fuskata ga wata kalanda kamar mai neman kwanan wata, sa'an nan ya sunkuya ya yi wa mai kemis raɗa. Mai kemis ya zura hannu ƙarƙashin kanta, ya naɗe wani ɗan kwali cikin tsohuwar jarida, mutumin ya soke shi a aljihu ya fice kamar wanda ya ɗauki abin da ba nasa ba.

Ban san shi ba, ban kuma san inda ya nufa da abin da ya saya ba. Mai yiwuwa gidansa, mai yiwuwa wani wurin dabam. Abin da na sani shi ne, kafin ya kai bakin ƙofa zuciyata ta riga ta yanke masa hukunci. Sai daga baya wani tunani ya zo mini: da a ce kafso ya zo saye na ciwon sanyi, da ba zai yi wannan kewaye-kewaye ba, da ni ma ban ɗaga kai ba. Ashe mun fi jin nauyin a ga mutum yana kauce wa cuta a kan a gan shi yana maganinta bayan ya kwasa. Wannan al'amari shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Tambayar da wannan maƙala ke son dubawa tsohuwa ce a zaurukanmu da ɗakunan kwanan ɗalibai: shin ambaton kwaroron roba, da koyar da amfaninsa, da sayar da shi a fili, taimakon al'umma ne ko kuwa buɗe wa fasiƙanci ƙofa? Masu ƙyamarsa ba jahilai ba ne, kuma zalunci ne a maishe su haka. Hujjarsu tana da ƙafafu. Suna cewa Allah Ya haramta kusantar zina, balle aikata ta, kuma tsoron abin da kan biyo baya, wato ciki da cuta da tonon asiri, yana daga cikin shingayen da suka daɗe suna tsare matasa. Wanda ya miƙa wa saurayi kwaroron roba, in ji su, ya cire masa ƙaya daga hanyar da ya kamata ta kasance cike da ƙayoyi. Suna da ƙa'ida a fiƙihun Malikiyya da ke mara musu baya, wadda ta ce a toshe kafar da ɓarna za ta iya biyowa ko da ita kafar a karan kanta ba haramun ba ce. Idan aka matsa musu da batun masu mutuwa, sai su rufe zancen da karin maganar da kowa ya sani: kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Kafin mu auna wannan magana, ya kyautu mu san abin da ake jayayya a kansa, domin da yawa daga masu yabonsa da masu zaginsa ba su san iyakar aikinsa ba. Tarihi ya nuna cewa tun fil'azal cuta aka yi shi dominta. Wani likitan Italiya mai suna Gabriele Falloppio, a littafinsa da aka buga a 1564, ya bayyana wani ƙyallen lilin da namiji zai sa don kauce wa tunjere, cutar da ta addabi Turai a wancan zamani. Na roba bai samu ba sai a tsakiyar ƙarni na 19, bayan an gano dabarar sarrafa roba ta yi ƙarfi da taushi, irin sirantaccen da ake sayarwa yau kuwa ya fara fitowa ne a shekarun 1920. Aikinsa ɗaya ne: ya zama shamaki tsakanin ruwan jikin namiji da na mace. Saboda haka yana da ƙarfi ƙwarai a kan cututtukan da ke bin wannan ruwa, kamar ƙanjamau da ciwon sanyi da ciwon hanta nau'in B. Nazarin da aka tattara a 2002 a kan ma'auratan da ɗayansu ke ɗauke da ƙwayar ƙanjamau ya nuna cewa yin amfani da shi a kowace saduwa yana rage kamuwa da kimanin kashi 80 cikin 100. Mai karatu ya lura, ba a ce 100 ba. A kan cututtukan da ke bin gogayyar fata, irin su tunjere da ƙwayar da ke jawo sankarar bakin mahaifa, kariyarsa ta fi rauni, domin gyambon na iya kasancewa a inda robar ba ta rufe ba. Ta fuskar ɗaukar ciki kuwa, idan an kiyaye ƙa'idarsa sarai, mata 2 cikin 100 ne kan samu ciki a shekara, amma yadda mutane ke yi a zahiri, da mantuwa da gaggawa, adadin kan kai wajen 13. Zafi yana lalata shi, don haka wanda ya kwana biyu a aljihun wando ko a gaban mota cikin rana ba abin amincewa ba ne; man shafawa irin su basilin da man gyaɗa suna cinye robar; yana da ranar lalacewa a jikin ledarsa; ba a kuma maimaita shi. Wannan ba darasin asibiti ba ne, amma wanda zai yi hukunci a kan abu ya wajaba ya san kamanninsa.

To, mu koma ga karin maganar nan. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Magana ce mai daɗin faɗi, kuma gaskiya ce ga mai shan kunu shi kaɗai. Amma a wannan fage ina ganin ta yi kuskuren lissafi, domin ta ƙidaya mutum ɗaya a inda akwai mutum huɗu ko biyar.

Mu ɗauki misalin da ba baƙo ba ne gare mu, mu da ke zaune a Sabon Ibadan ko Agege ko Shagamu. Ga direban tirela, ko falken shanu, ko ɗan ci-rani, wanda kan yi wata uku ko shida bai ga iyalinsa ba. Mafi yawansu mutanen kirki ne masu kame kansu, kada a fahimce ni a baibai. Amma a ce ɗaya daga cikinsu Shaiɗan ya rinjaye shi a wani zango, ya kwaso ciwon sanyi. Shi namiji ne, cikin 'yan kwanaki zai ji zafin fitsari, ya ga farin ruwa, ya je kemis ya haɗiyi kafso har zafin ya lafa, ko ƙwayar ta mutu ko ba ta mutu ba. Sai ya koma gida da tsaraba. Uwargida ta share ɗaki, ta yi turare, ta karɓi mijinta kamar yadda addini da al'ada suka umarce ta. A jikin mace wannan ciwo sau da yawa ba ya yin wata alama. Yakan haura a hankali zuwa mahaifa da hanyoyin da ƙwai ke bi, ya ƙona su, ya toshe su. Bayan shekara biyu ko uku sai a ga haihuwa ta tsaya mata. Daga nan dangin miji su fara gunaguni, a kira ta juya, a yi ta kai ta wurin masu magani, daga bisani a ce ya ƙara aure. Amarya ta shigo, ita ma ta karɓi rabonta. Idan kuwa tunjere ne, labarin ya fi muni, domin yana ratsa mahaifa ya sami ɗan tayi: ɓari, ko a haifi ɗa ba rai, ko ya zo da rai ya koma. Sai a ce wabi take yi, ko iska ce, ko kishiya ce ta yi mata sammu, a haɗa mata biyu faɗa alhali dukkansu daga ƙwarya ɗaya aka shayar da su. A duk wannan tafiya, bakin wa ya ƙone?

Haka zancen yake ga ƙanjamau, wadda aka fara ba da rahotonta a Amurka a 1981, a Nijeriya kuma a 1986. Gwajin mata masu zuwa awon ciki ya nuna kashi 1.8 cikin 100 a 1991, ya hau har 5.8 a 2001. Babban binciken da aka yi gida-gida a 2018 ya sami kashi 1.4 a tsakanin masu shekara 15 zuwa 49, aka kuma ƙiyasta mutum miliyan 1.9 ke ɗauke da ƙwayar a faɗin ƙasa. Abin lura a wannan bincike shi ne mata sun ninka maza. Uwar da ba ta shan magani kuwa, tsakanin 15 zuwa 45 cikin kowane jarirai 100 na irinta kan kamu, ko a ciki, ko wajen haihuwa, ko ta nono. Jariri bai ɗebo komai ba. Binciken ya nuna Arewa maso Yamma ce ke da mafi ƙarancin kaso, kuma na sha jin ana kafa hujja da haka a ce cutar ta wasu ce. Mai faɗin haka ya manta cewa motar da ta sauke shanu a Legas ita ce ke komawa Kano da goro.

Wannan shi ne ginshiƙin abin da nake son faɗa. Muhawarar kwaroron roba mun daɗe muna yin ta kamar a kan mazinaci kaɗai take, ko ya cancanci a tsare shi ko bai cancanta ba. Alhali mafi yawan waɗanda hukuncinmu ke faɗa wa a ka ba su halarci wurin da aka yi laifin ba. Idan cuta horo ce, to wannan wane irin horo ne da ke tsallake mai laifi da sauƙi ya sauka a kan mai biyayya? Addinin da ya koyar da cewa ba a ɗora wa rai nauyin laifin wani ba zai yiwu ya zama shi ne madogarar wannan lissafi ba.

A cikin gidan aure, a gaskiya, malaman fiƙihu sun riga mu yin nisa. Sahabi Jabir ɗan Abdullahi ya ba da labarin cewa suna yin azalu, wato zubar da maniyyi a waje, a zamanin da wahayi ke sauka, ba a kuma hana su ba. Imam Malik ya halatta shi da sharaɗin izinin matar, Imam Gazali ma ya tattauna shi a Ihya'u ya tafi a kan halaccinsa. Malaman zamani da dama sun yi ƙiyasin kwaroron roba a kan azalu. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta halatta wa ma'aurata tazarar haihuwa bisa yardar juna. A zamanta na Brunei a 1993 ta ce wajibi ne wanda ya kamu da ƙanjamau ya sanar da abokin zamansa, su haɗa kai wajen ɗaukar matakan kariya. A Abu Dhabi a 1995 kuma ta tabbatar wa mace haƙƙin neman rabuwa da mijin da ke ɗauke da cutar. Saboda haka magidancin da ya san yana da ciwo, ko yake da dalilin zargin kansa, ya kuma kusanci iyalinsa haka nan don kada a tambaye shi, ba shi da mafaka a littafi. Masu cewa cuta da lafiya duk na Allah ne, gaskiya suka faɗa, sai dai Sayyadina Umar ya san haka fiye da mu, amma da ya ji annoba ta ɓarke a Sham sai ya juya da jama'arsa daga hanya, ya kuma nuna wa masu ganin ya guje wa ƙaddara cewa juyawar ma ƙaddara ce. Ko a ɓangaren Kirista, Cocin Katolika da ya fi kowa tsanani a kan hana ɗaukar ciki, Fafaroma Benedict na 16 ya nuna a 2010 cewa a wasu halaye, mai sa kwaroron roba don kada ya harbi wani ya fara taka matakin sanin nauyin da ke kansa.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen aure. A nan ba zan yi wa mai karatu rufa-rufa ba: babu wata roba da ke mai da haram halal, kuma wanda ya kame kansa ya fi kowa tsira, duniya da lahira. Amma mu dubi mutumin da wa'azi bai riga ya kama shi ba, wanda ya riga ya ƙudurta abin da zai yi a daren nan. Abu biyu ne a gabansa: ya yi laifi ɗaya, ko ya yi laifin ya kuma ɗora masa cutar da wasu bayin Allah. Wanda ya ce a ɓoye masa hanyar kariya bai rage zinar ba ko da ƙwayar zarra, ya dai ƙara yawan waɗanda za su biya kuɗinta. A garin da ɗakuna na ciyawa ne, lokacin hunturu, ana yi wa yara faɗa a kan wasa da wuta, ana ma dukansu, amma ban taɓa jin mai hankalin da ya ce a zubar da ruwan randuna don kada yara su sami ƙarfin guiwa ba. Fiƙihun da ya zo da toshe kafar ɓarna shi ne kuma ya zo da ɗaukar mafi sauƙin cuta biyu idan ba makawa.

Saura da me? Saura zargin cewa sanin kariya shi ke tura matasa ga abin da da ba za su yi ba. Wannan magana ce da ake iya gwadawa, an kuma gwada ta. Nazarce-nazarcen da hukumar UNESCO ta tattara daga ƙasashe da dama, a 2009 da kuma 2018, ba su sami shaidar cewa ilmantar da matasa a kan waɗannan al'amura yana sa su fara saduwa da wuri ko su yawaita ta ba. A wurare da yawa ma jinkiri aka gani. Ga kuma misalin Senegal, ƙasar da mafi yawan jama'arta Musulmi ne masu riƙo da ɗariƙu. A 1995 manyan malamanta suka yi taro na ƙasa a kan ƙanjamau, suka shigar da zancen cikin huɗubobi, suna kira ga kamewa da riƙon amanar aure, likitoci kuma suna nasu aikin ba tare da an yi musu a-ture ba. Senegal ta kasance cikin ƙasashen Afirka kudu da Sahara masu mafi ƙarancin wannan cuta, ƙasa da kashi 1 cikin 100 a ƙididdigar shekarun baya-bayan nan, ba a kuma ji masallatanta sun zama kufai ba. Ban ce kwaroron roba kaɗai ya yi wannan aiki ba. Na ce liman da likita sun iya zama a tabarma ɗaya.

Duk da haka akwai inda nake tare da masu ƙorafi. Yadda ake tallar abu yana koyar da wani darasi dabam da abin da ke cikin kwalin. Tallar da ke nuna wa yaro cewa holewa ita ce wayewa, roba kuma ita ce lasisinta, ta cancanci a ƙi ta, kuma ƙarya take yi, tun da mun ga kashi 80 ba 100 ba ne. Akwai bambanci tsakanin malamar asibiti da ke yi wa ma'aurata bayani a ɗaki, da mai raba kwalaye a bakin makarantar sakandare yana wasa da dariya. Masu kawo tallafi daga waje sun sha kasa gane wannan bambanci, abin da ya jawo wa aikin baƙin jinin da har yau bai gama wankewa ba.

Wannan ya dawo da mu ga kunya, wadda da ita muka fara. Bahaushe ya ɗauki kunya da daraja, kuma ya yi daidai, domin ita ke hana ɗa ya miƙe ƙafa a gaban surukinsa, ita ke sa a rufa wa maƙwabci asiri. Sai dai kunya iri biyu ce: akwai jin nauyin aikata abu, akwai jin nauyin a san an aikata. Ta farko tana tsare mutum tun daga nesa. Ta biyu ba ta hana komai, sai dai ta hana gyara. Ita ce ke sa mutum ya ƙi zuwa gwaji, ya ƙi gaya wa matarsa, ya gwammace ta yi ta jinyar abin da ba ta san sunansa ba. A ranar 2 ga Agusta, 1997, mawaƙin nan Fela Anikulapo-Kuti ya rasu a Legas. Washegari yayansa, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya daga 1985 zuwa 1992, ya tara 'yan jarida ya faɗa da bakinsa cewa ƙanjamau ce ta kashe ƙaninsa. A lokacin mutane da yawa ba su ma yarda akwai cutar ba, masu yarda kuma sai dai su ce wane ya yi doguwar jinya. Wasu sun ga ya tona asirin gida. Ni kuwa ina ganin ya auna asirin mamaci ɗaya da rayukan masu rai, ya zaɓi wanda ya fi nauyi, kuma ba na jin abin ya zo masa da sauƙi.

Wani zai ce ai zamani ya canza. Haka ne. Tun 2011 bincike ya nuna cewa fara shan maganin ƙanjamau da wuri yana rage harbin abokin zama da kashi 96 cikin 100, daga baya kuma aka tabbatar cewa wanda ya dage da shan magani har ƙwayar ta daina bayyana a awon jininsa ba ya harba ta ta hanyar saduwa. Cutar da a da ake yi wa laƙabi da kabari kusa ta zama wadda ake rayuwa da ita, a yi aure, a haifi 'ya'ya lafiyayyu. Jihar Kano ma ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024. Duk wannan alheri ne. Amma maganin ƙanjamau ba ya tsare ciwon sanyi, wanda ƙwayarsa ke ƙara bijire wa magunguna saboda irin shan kafson da muka ambata, ba ya kuma tsare tunjere. Takardar gwaji kuwa shaidar ranar da aka yi ta ce kawai. Ba ta bin ango zuwa zangon da zai kwana bayan shekara biyar.

Akwai wata matsala da na kasa warwarewa, ba zan kuma yi kamar na warware ta ba. Duk abin da na faɗa ya rataya ne a wuyan namiji, domin shi ke sa robar, shi ke da ikon cewa a'a. Akwai irin na mata, amma shi ma ba ya yiwuwa sai da yardar miji. Na taɓa tambayar wata ma'aikaciyar jinya, dattijuwa da ta daɗe a ɗakin awon ciki, me takan ce wa matar da aka yi wa magani ta warke, alhali an san za ta koma ta sake kamuwa a gida. Ta ce takan ba ta takarda ta kai wa maigidan, a ce likita na son ganinsa. Na ce, suna zuwa? Ta yi murmushi, ta ce wasu. Na ce, to ba ki ba su kwaroron roba su tafi da shi? Sai ta ajiye biron da ke hannunta ta dube ni, ta ce, "Ɗana, in ta fito da shi daga jakarta a gabansa, wace tambaya kake jin zai fara yi mata?"